Kafin Ka Fita Siwes

Ɗana, tunda lokacin fitarku siwes, wato shirin tura ɗalibai koyon aikin hannu a wuraren aiki, ya matso, zauna mu yi magana kafin ka fara yawon neman wuri.

Shirin nan ba na jiya ba ne. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, hedikwatarta a Jos, ita ta ɓullo da shi a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta kukan cewa yaran da ke fitowa daga manyan makarantu sun san takarda, amma hannunsu bai taɓa inji ba. Shi ya sa ba kowa ake ɗauka ba. Na masu karatun da sai da aikin hannu ne, irin injiniya, kimiyya, noma, zanen gine-gine da kwamfuta, kuma sai kwas ɗin ya samu amincewar hukumar da ke sa ido a kan makarantar: NUC ga jami'a, NBTE ga foliteknik, NCCE ga kwalejin ilimi. Ɗan jami'a wata shida yake yi, ɗan foliteknik kuwa wata huɗu bayan shekararsa ta farko ta difloma.

Makaranta ce ke tura sunaye, ba kai ba. Don haka taka da ƙafarka zuwa ofishin siwes, ka ga sunanka da idonka, ka duba lambar rajistarka da ta asusun bankinka. Lamba ɗaya ta karkace, sai abokanka su ji alawus ya shigo kai kana jira. Alawus ɗin ma ba wani mai yawa ba ne, kuma yakan makara. Kada ka ci bashi a kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin da za ka je. Ƙa'ida ita ce aikin wurin ya dace da abin da kake karanta. Na san samun wuri ya yi wuya. Masaƙun Kakuri a Kaduna sun daɗe da yin shiru, kamfanoni da yawa a Bompai da Sharaɗa na Kano ma sun rufe. A nan ne wani zai ba ka shawarar ka kai takardarka ofishin ɗan'uwa, a buga maka hatimi, ka koma gida ka kwanta. Kada ka karɓa, ɗana. Kai da ke karanta injiniyan lantarki, gara ka je shagon da ake naɗin wayar janareta, ka tsuguna gefen maigidan, ka ga yadda yake ƙirga zagayen waya da yadda yake gane wadda ta ƙone daga warinta. Ka dai tambayi ofishin siwes ko sun amince da wurin kafin ka fara.

Logbuk ɗinka kuma, wato littafin da za ka riƙa rubuta aikin da ka yi, cika shi kullum kafin ka bar wurin aiki, da ɗan zanen abin da ka kwance ka ɗaura. Kowane mako ka kai wa mai kula da kai ya sa hannu. Wanda aka cika a dare ɗaya ba ya ɓuya: biro ɗaya, rubutu iri ɗaya, shafi tas ba ko ɗigon baƙin mai. Malamin da makaranta za ta turo dubaka ya ga irinsa da yawa, kuma ranar da za ka tsaya kare rahotonka, daga cikinsa za a ciro tambaya.

Da ka fara aiki, kai takardar shaidar farawa ofishin ITF mafi kusa, kada ka bari ta kwana biyu a jaka. In ka gama, ka tabbata an cika maka Fom 8, takardar shaidar kammalawa, an sa hannu kafin ka yi sallama da mutanen wurin. Allah ya sa a fita a sa'a.