Darasi na 18: Ƙasar Garu, ta wa ce?

Garu tana arewacin ƙasar Benin, gabas da Malanbil, kusa da kogin Kwara. In ka tsallake kogin, ka shiga Nijar, wajen Gaya. Dandawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa suna zaune a wannan yanki.

Ƙasa ɗaya ce, amma masu bukatarta suna da yawa. Manomi yana son fadama don ya shuka shinkafa da albasa. Makiyayi yana son ciyawa da hanyar kai shanu mashaya. Masunci kuma yana son bakin kogi inda zai ɗaure jirginsa. In wani ya nome burtali, shanu ba su da wurin bi, sai su faɗa gona. Daga nan rigima ke tashi, wani lokaci har a zubar da jini.

To, wa zai raba gardama? A da, daga Kotonu ake yanke yawancin shawarwari, tafiyar fiye da kilomita 700. A 1999 aka yi dokar ba jama'a ikon kula da yankunansu. Benin tana da kwamin 77, kuma a watan Disamba na 2002 aka yi zaɓen farko na wakilansu. Kwamin ɗin Malanbil tana da gunduma 5: Garu, Gene, Madekali, Tumbutu da Malanbil kanta.

Kowace kwamin tana tsara shirin raya ƙasarta na shekara 5. Kafin a rubuta shi, ana kiran taro a ƙauyuka. Ana zana taswirar ƙauye, a nuna gonaki, da rijiyoyi, da burtali, da wurin da ruwa ke ci in kogi ya cika. Tsoho ya san iyakar gonakin kakanni. Bafillace ya san inda shanu ke bi tun da. In an daidaita, sai a kafa turakun siminti a gefen burtali, kowa ya gani.

Sai dai taro ba ya cika in mata suna baya sun yi shiru. Su ke ɗebo ruwa, su suka san rijiyar da ke ƙafewa da rani. Sau da yawa ana mantawa a tambaye su.

Tambayoyi
1. Me ke faruwa in an nome burtali?
2. Su wa ya kamata a kira taron ƙauye?
3. Ku zana taswirar ƙauyenku, ku nuna rijiya da hanyar dabbobi.