Kafin Ka Miƙa Wa Ƙaninka Makullin Babur

'Yan uwa ɗalibai, hutu ya matso. Da yawanmu za mu koma gida mu tarar da ƙanin da ya matsa sai an koya masa babur, kuma ka san duk wanda ya taka foli, a gida injiniya ne. A matsayina na ɗan ND II a sashen injiniyan kanikanci, ga abin da na tattara a kan koya wa matashi babur ɗin jeji, irin mai dogayen ƙafafu da taya mai ƙuraje, kamar Yamaha AG da DT da malaman gona ke shiga ƙauyuka da su.

Fara da girman babur. Manyan irinsa suna da tayar gaba mai inci 21, ta baya inci 18, shi ya sa suke da tsayi. Idan yaro ya zauna ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, ba nasa ba ne tukuna. Injin 100cc zuwa 125cc ya ishi ɗan koyo. Ka kuma tambayi irin injin, domin mai bugu biyu, kamar DT, yana ƙona man inji tare da fetur, kuma ya fi zabura idan an murɗa totur.

Sai kayan jiki: hular kwano daidai kansa kuma a ɗaure, takalmi sau-ciki, dogon wando mai kauri, da safar hannu. Silifas ba kayan hawa ba ne, kuma salansa ba ta san ɗan koyo ba. Tun 1 ga Janairu, 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa hular kwano. Lasisi kuwa sai shekara 18. Saboda haka ɗan shekara 15 ko 16 wurinsa fili ne ko gona bayan girbi, ba titi ba.

Da na koya wa ƙanina, ranar farko ba mu tayar da inji ba. Ya tura babur, ya kama birki, ya haddace wurin komai: kulochi a hannun hagu, birkin gaba da totur a dama, giya a ƙafar hagu, birkin baya a ta dama. A yawancin irin waɗannan babura giya ta ɗaya ƙasa ake takawa, sauran sama, firi tana tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Amma ka duba naku, don akwai masu wani tsarin.

Rana ta biyu kulochi kawai. Ya riƙa sakinsa a hankali har ya ji babur ya fara ja, sai ya sake matsewa. Wanda ya gane wannan gaɓar ya ci rabin jarrabawa. Ka nanata masa cewa duk lokacin da ya ruɗe, ya matse kulochi, inji ya yi ta ihunsa, taya ba za ta samu ƙarfin ba.

Hawan ƙasa ya bambanta da na kwalta. A rairayi, ya ja jikinsa baya, ya riƙe wuta daidai, kada ya ƙanƙame hannun babur. A kwana, ya rage gudu kafin ya shiga, domin damƙe birkin gaba a kan tsakuwa babur na karkace, faɗuwa ce. A gargada, ya miƙe a kan matakai ya ɗan lanƙwasa gwiwa. Idonsa kuma ya kasance inda yake son zuwa. Mai kallon rami, rami yake faɗawa.

Ga lissafin da muka yi a aji: kilomita 36 a awa daidai yake da mita 10 a daƙiƙa ɗaya. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninka huɗu. Ka auna masa mita 10 da taku, ya gani da idonsa.

Kulawa ma darasi ce. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, sai a riƙa wanke ta. Kafin kowace fita a duba man inji, iskar taya, birki, da sassaucin sarƙa.

Sharaɗi biyu kada ka sassauta: ba goyo, ba hawa in ba babba a wurin. Idan ya karya ɗaya, makulli ya koma hannun Baba.