Rubuta Bayanin Manhajarka da Markdown: Matakai Shida

Ka gama rubuta manhaja, amma duk wanda zai girka ta sai ya bugo maka waya. Takardar bayani ce babu. Ba sai ka buɗe Word ba, rubutu zalla da 'yan alamomi kaɗan sun isa. Ga aikinka na gobe da safe.

1. Fara da Markdown. John Gruber ne ya fito da shi a 2004, kuma a zama ɗaya za ka koye shi. Buɗe sabon fayil a babbar foldar aikinka, ka sa masa suna README.md. In ka ɗora aikin a GitHub, zai nuna fayil ɗin a shafin farko da kansa.

2. Haddace alamomi huɗu. Alamar # a farkon layi tana mayar da shi kanu. Alamar - tana yin jeri. Taurari biyu a gaba da bayan kalma suna kaurara ta; a WhatsApp ne ake sa ɗaya, kada ka rikice. Umarnin da mutum zai kwafa kuwa, sa ``` a samansa da ƙasansa.

3. Amsa tambayoyi uku: me manhajar take yi, yaya ake girka ta, yaya ake tayar da ita. Kowane umarni ka rubuta shi yadda ake buga shi, harafi da harafi.

4. Adana fayil ɗin a tsarin UTF-8. Da shi ne ɓ, ɗ da ƙ za su fito daidai a kowace kwamfuta.

5. Ajiye bayanin a cikin Git tare da manhajar. Ranar da ka canza wani abu a manhajar, a ranar za ka gyara bayanin. Tsohon bayani ɓatar da mutane yake yi.

6. Idan aikin ya girma, sai ka canza sheƙa. Bayanan Python da reStructuredText da Sphinx ake rubuta su, masu Linux ma sun koma can a 2016. Bayanan Git kuma da AsciiDoc ake rubuta su. In oga ya ce lallai sai Word, manhajar Pandoc za ta juya maka fayil ɗin da umarni ɗaya.

Kafin ka tashi daga aiki, miƙa wa abokin aikinka README ɗin ya bi shi, kai kuma ka kame bakinka. Duk inda ya tsaya yana tambaya, nan ne za ka gyara.