Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Kwamfuta Za Ta Riƙa Gwada Manhaja da Kanta?

Wannan tambaya daga wata mai sauraronmu ce a Tudun Wada, Gusau. Ta ce aikinta gwada manhajoji ne da hannu kafin a sake su ga jama'a, to yaya za ta koyi sa kwamfuta ta riƙa yin gwajin?

To malama, ai kin yi rabin tafiya, tunda kin san inda manhaja kan yi tuntuɓe. Saura koyon rubuta umarni. Ki fara da harshen rubuta umarni na Python ko JavaScript, ɗaya ya isa. Daga nan sai manhajar yin gwajin, wato Selenium, wanda Jason Huggins ya ƙirƙira a 2004, ko Playwright na kamfanin Microsoft da ya fito a 2020. Duka kyauta ne.

Ki soma da shafin shiga asusu. Ki rubuta umarnin da zai buɗe shafin, ya cike suna, ya sa kalmar sirri ta ƙarya, sannan ya duba ko gargaɗi ya fito. Duk sanda masu gina manhajar suka canza wani abu, sai ki sake kunna umarnin, ya gama cikin daƙiƙu.

In sabis na ba ki wahala, ki girka komai a kwamfutarki, ki riƙa atisaye da shafin da kika ajiye. In kuma kina neman horo, shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, da aka ƙaddamar a 2023, yana koyar da tabbatar da ingancin manhaja. Sai dai kada ki yar da gwajin hannu, domin abin da kika umarci kwamfuta kaɗai take dubawa.