Darasin lafiya: Yadda wutar lantarki ke tona asirin amosanin jini

Kowa ya san shiƙa. Idan an sussuke hatsi, mace takan ɗaga ƙwarya ta zuba, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta faɗo kusa. A ɗakin awon jini na asibiti ma akwai wata irin shiƙa, amma can wutar lantarki ce ke yin aikin iska. Sunan wannan awo elektiroforez. Da shi ake gane mai ɗauke da amosanin jini, wato ciwon sikila.

Abin da ake rabawa

Cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna emogulobin. Shi ke ba jini launin ja, shi ke kai iskar numfashi daga huhu zuwa dukan jiki. Yana da iri-iri. Na lafiya ana kiran sa A. Mai kawo amosanin jini ana kiran sa S. Akwai kuma C, wanda ake samu a Afirka ta Yamma. Kowane mutum yakan gaji iri ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ido ba ya bambanta su, domin jinin kowa ja ne.

Yadda ake awon

Ku dubi batirin rediyo, wato pil. Kai ɗaya yana da alamar +, ɗayan yana da alamar −. Abin da ke ɗauke da − kullum wajen + yake nufa. Idan an sa emogulobin cikin ruwan magani mai kaifi irin na kanwa, yakan ɗauki alamar −. Ga matakan aikin:

1. Ma'aikacin lafiya yakan ɗebi jini kaɗan, ya fasa jajayen ƙwayoyin don emogulobin ya fito.
2. Sai ya jiƙa wata takarda ta musamman da ruwan maganin, ya ɗiga jinin a gefenta na wajen −.
3. A jere da shi yakan ɗiga jinin da aka riga aka san irinsa, don kwatanci.
4. Sai ya kunna wuta kamar na rabin awa. Emogulobin ya kama tafiya a hankali zuwa wajen +.
5. Daga nan ya kashe wuta, ya rina takardar, layuka su bayyana.

A ya fi ɗaukar alamar −, don haka wuta ta fi jan sa, shi ke kan gaba. S yana biye da shi, C kuma shi ne na baya.

Waɗanda suka gano dabarar

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arne Tiselius, shi ya kyautata na'urar wannan aiki a 1937, aka ba shi kyautar Nobel a 1948. A 1949, Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa emogulobin na masu sikila ba ya tafiya daidai da na sauran mutane. A 1956, Vernon Ingram a Ingila ya gano dalili. Emogulobin kamar jeren dutsen ado yake. A wani jerensa mai ƙwaya 146, ƙwaya ɗaya tak ce ta sauya. Ita ce ke rage masa sauri a kan takarda, ita ce kuma ke lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje.

Karanta sakamako

AA: layi ɗaya a gaba. Ba ya ɗauke da ciwon.
AS: layi biyu. Mutum lafiya lau yake, amma yana iya gadar wa ɗansa S.
SS: babu layin A ko kaɗan. Wannan shi ne mai ciwon.
SC: layin S da na C. Shi ma ciwo ne, yana bukatar kulawar likita.

Akwai wani awo mai sauƙi da ake kira gwajin Emmel. Yana nuna akwai S, amma ba ya raba AS da SS. Elektiroforez ke raba gardama.

Abin lura

Wanda aka yi wa ƙarin jini ya faɗa wa likita, domin jinin da aka ƙara masa yana iya ɓata sakamako har kamar wata 3. Jariri kuma yana da nasa emogulobin na cikin ciki mai suna F, don haka akan sake awonsa bayan wata 6.

Idan miji AS ne, mata ma AS ce, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. Lissafin yana komawa sabo ga kowane ciki. Wannan gado ne daga iyaye biyu. Ba laifin uwa ba ne, ba sammu ba ne. Saboda haka saurayi da budurwa su yi awo tun kafin a kai kuɗin aure, su adana takardar. A Yamai akwai cibiyar ƙasa mai kula da masu wannan ciwo. Na nesa su tambayi asibiti mafi kusa inda ake awon. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Wane emogulobin ke kan gaba a takarda, kuma don me?
2. Mene ne bambancin AS da SS?
3. Kai mai karatu, ka san naka iri?