Filin Noma: Yadda Ake Lissafin Ƙari Bisa Ɗari

Manoma biyu maƙwabtan juna sun zuba takin zamani bana. Na farko bara ya sami buhu 8 na dawa, bana ya sami 10. Na biyu mai babbar gona ne, bara ya sami buhu 20, bana 23. To, wanne taki ya fi yi wa amfani? Mutane da yawa za su ce na biyu, don ƙarinsa buhu 3 ne. Amma ba haka ba ne.

Hanyar ganewa mataki uku ce. Da fari a ɗebe tsohon adadi daga sabo. Sa'an nan a raba abin da ya rage da tsohon adadin. Kana a ninka sau 100.

Na farko: 8 daga 10 saura 2. A raba 2 da 8, a ninka sau 100, ya ba da 25. Watau ƙarinsa kashi 25 ne bisa ɗari. Na biyu: 20 daga 23 saura 3. A raba 3 da 20, a ninka sau 100, ya ba da 15. Ashe mai ƙaramar gona shi ya fi cin ribar takin.

Inda akawu da 'yan kasuwa suka fi yin kuskure shi ne rabawa da sabon adadi. Wanda ya raba 2 da 10 zai sami 20, ya tauye wa manomi lissafinsa. Kullum da tsohon ake rabawa, gama daga nan aka tashi.

Haka kuma ake yi da kuɗi. Tun 1973 da Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, lissafin ya yi sauƙi, don kwabo 100 ne naira ɗaya. Misali, a ce buhu naira 40,000 ne da kaka, da bazara ya kai 50,000. Ƙari ke nan na 25 bisa ɗari, watau naira 25 a kan kowace naira 100.

Amma fa mai ajiya kada ya yi saurin murna. In ya ajiye buhu 10 na naira 400,000, ƙwari da ɓeraye suka ci masa guda, buhu 9 ke nan zai sayar a kan 450,000. Ƙarinsa 50,000 ne kan 400,000, watau 12 da rabi bisa ɗari kaɗai. Rabin ribar ya tafi saboda rashin gyaran rumbu.

Saboda haka ya kamata kowane manomi ya sami ɗan littafi, ya riƙa rubuta abin da ya girbe da kuɗin da ya sayar kowace shekara. Wanda bai rubuta na bara ba, ba shi da abin da zai auna na bana da shi.

Ga na gwaji: gonar gyaɗa ta tashi daga buhu 12 zuwa 15. Nawa ne ƙarin bisa ɗari? Amsa sai mako mai zuwa.