A Buɗe Mafita Kafin Taro Ya Cika

Ranar Juma'a, 28 ga Nuwamba 2014, harin bam da bindiga a Babban Masallacin Kano ya ci rayuka fiye da 100. A Birtaniya kuwa, harin Mancesta na 2017 ya haifar da dokar 2025, wadda ta wajabta wa wuraren da ke ɗaukar mutum 200 zuwa sama tsara yadda za su kwashe jama'a.

A Zango, bakin iyakar Nijar, kwamitin masallaci da sarkin kasuwa ba sai sun jira irin wannan doka ba. Su hana jibge babura a bakin ƙofa, su buɗe mafita fiye da ɗaya. Mai lasifika ya san abin faɗa tun da wuri, domin turmutsitsi ma yana kisa.

Lambar DPO kuma ta zauna a wayar ladan.